Wasannin Sega da muka tsallake a zamanin gidan gem, wanne ya cancanci a koma masa?

Dan_Gesse
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya aka kira ni gidanmu, nan Birnin Kebbi, za a sake rufin ɗakin da muka taso a ciki kafin damina ta sauka. Ana fitar da kaya sai ga Sega Mega Drive 2 ɗina cikin kwalin sabulu a ƙarƙashin gado, da hannu biyu (abin da ake riƙewa ana danna maɓallai), da adafta, da kaset tara an ɗaure su da roba. Rabona da ita ya fi shekara 20. Na goge ƙura, na haɗa ta da tsohuwar talabijin mai doro, sai ga tambarin SEGA ya bayyana. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Ga abin da ya sa na kawo maganar nan. Cikin kaset taran, huɗu ne takardar jikinsu ta koɗe saboda yawan taɓawa: Mortal Kombat 3, Sonic 2, Bare Knuckle da na ƙwallo. Sauran biyar kamar jiya aka sayo su. Na zari ɗaya mai suna Gunstar Heroes na sa, ni da babban ɗana mai shekara 11, ba mu ajiye hannu ba sai da aka kira magariba. Yanzu ya fi mini waɗancan huɗun daɗi, alhali yana ɗakina tun ina sakandare ban taɓa wuce matakin farko ba.

Shi ya sa nake ganin mu da muke alfahari da zamanin Sega, ba Sega muka sani ba, wasa huɗu ko biyar muka sani. Wane wasa kuka sani da jama'a suka yi watsi da shi alhali ya cancanci a zauna masa? Ku faɗi sunansa da dalili don Allah, ina so in nema wa yara.

Kabawa_84
Wa alaikumus salam. Gaskiya kaf faɗi ɗan'uwa. Amma ba laihinmu ba na. Mu da ba mu da Sega gida, gidan gem munka dogara da shi, kuma can kuɗin da kab biya na wasa guda na. An cinye ka, ka miƙa hannu ga na baya. Wa za shi kai naira biyar ɗin da yat tara kwana ukku ga wasan da bai san kanshi ba? Abin da kowa ka bugawa shi kaka bugawa.

Tsohon_Mai_Shago_Jega
Kabawa_84 ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni na riƙe shagon gem a Jega kusan shekara huɗu, talabijin uku, benci biyu. Ba don ban san sauran kaset ɗin ba ne na ƙi sa su. Faɗa ɗaya na Mortal Kombat minti biyu ne ko uku, mutum biyu sun biya, an tashi, wasu sun zauna. Idan na sa wa yaro wasan tafiya mai tsawo, shi kaɗai zai riƙe talabijin awa guda, ga NEPA ba tabbas, ga man janareto. Kaset ɗin da ba ya kawo kuɗi sai ya koma cikin durowa. Da dare bayan na rufe shago ni kaɗai nake fito da su. A nan na san Shinobi III, kuma har gobe shi zan fara ambata.

Na 1993 ne. Kai ne Joe Musashi, kana jifa da ƙananan wuƙaƙe, kana gudu, kana dafe bango ka tuma zuwa wani bangon, kana rataye a rufi. Akwai matakin da kake kan doki ana sukuwa, akwai wanda kake kan ruwa. Abin da nake so a wasan shi ne ba ya zaluntar mai koyo. Duk mutuwar da ka yi ka san kuskurenka ne, gobe ka gyara. Yallaɓai Dan_Gesse, yaron da ya iya Gunstar zai iya wannan.

Dan_Gesse
Na gode Alhaji. Ban taɓa kallon abin ta fuskar mai shago ba. Shinobi III ya shiga takarda.

Na_Kamba
Gunstar Heroes ai na kamfanin Konami ne, shi ya sa yake kama da Contra.

Injiniya_Yauri
Gyara kaɗan Malam Na_Kamba. Kamfanin Treasure ne ya yi shi a 1993, Sega ta fitar. Amma ba ka yi nisa da gaskiya ba, domin waɗanda suka kafa Treasure daga Konami suka fito, kuma Gunstar ne wasansu na farko da ya shiga kasuwa.

Dan_Gesse, tunda kun fara, ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. Makamai huɗu ne a wasan, kuma kana iya riƙe biyu ka haɗa su su zama wani makami dabam. Haɗa mai bin abokin gaba da mai walƙiya, za ka samu wuta da ke manne wa bos, wato babban abokin gaba na matakin, da kanta kai kuma kana ta kauce-kauce. Wasu na ganin wannan haɗin ya sauƙaƙa wasan da yawa, amma ga yaro ya dace. Matakai huɗun farko kai ke zaɓar wanda za ka fara. Ka je na cikin ramin haƙar ma'adinai ka ga Seven Force, bos ɗaya da ke rikiɗa siffa bayan siffa. Ranar da na fara ganinsa ban yarda cewa na'urar da ta fito a Japan tun 1988 ce ke juya wannan abu ba. Akwai kuma matakin da ake jefa ɗan lido, inda ya faɗa nan za ka yi faɗa.

Baban_Khalifa
Ni fa ban yarda da wannan magana gaba ɗaya ba. Abin da jama'a suka taru a kai ba banza suka taru ba. Mortal Kombat da Street Fighter sun yi suna ne domin sun fi. Ka tuna yadda shago ke ɗaukar ihu idan aka gama da mutum da Sub-Zero? Wane Gunstar ne zai tara yara 30 a bakin taga? Yanzu girma ya zo, kowa na neman abin da zai zauna shi kaɗai a ɗaki, shi ya sa kuke ganin waɗannan sun fi.

Kabawa_84
Baban Khalifa, ba a ce Kombat ba shi da daɗi ba. Cewa anka yi akwai wasu. Tuwon shinkahwa na da daɗi amma ba shi ka hana a sha hura ba.

Yar_Argungu
Sallama gare ku. Ku duk maganar gidan gem kuke yi, mu mata ko ƙofar ba a barinmu mu leƙa. Yayana ne ke da Sega a gida, sai ya tafi makarantar kwana muke samu ni da ƙanwata. Kaset ɗin da ya raina ya bar mana shi ne Dr. Robotnik's Mean Bean Machine. Wake ne masu launi suke faɗowa bibbiyu, ka haɗa huɗu masu launi ɗaya su fashe. Gwaninta ita ce ka jera su yadda fashewar farko za ta jawo ta biyu, ta biyu ta jawo ta uku, sai tarkace ya zubo wa abokin wasanka ya toshe masa wuri. Ba jini, ba duka, kuma mutum biyu ke yi. Har mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan zauna ta karɓi hannu bayan la'asar. Da yayan namu ya dawo hutu ya ce bari ya gwada, ƙanwata ta cinye shi sau bakwai a jere.

Yaya Dan_Gesse, idan kana da 'ya'ya mata ka nemo musu wannan. Da Columns ma, na jera duwatsu masu daraja, amma na waken ya fi sa tunani.

Dan_Gesse
Allah ya jiƙan Mama, ya sa aljanna ce makoma. Ina da mata biyu Hajiya, kuma tun ranar suke ƙorafin an bar su da kallo.

Injiniya_Yauri
Amin. Wasan waken nan asalinsa Puyo Puyo ne na Japan, aka canja masa riga da mutanen Sonic a 1993 don kasuwar Turai da Amurka. Har yau ana gasarsa a Japan.

Dan_Kabukabu
Road Rash! Mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambata. Tseren babur ne amma da duka, ka ƙwace kulki ko sarƙa a hannun na kusa da kai ka maka masa. Ɗan sanda ya kama ka a ƙasa ka biya tara, babur ya lalace ka biya gyara, ka ci tsere ka tara kuɗi ka sayi wanda ya fi gudu. Na biyun, na 1992, yana raba allo gida biyu ku yi da abokinka. Na ukun kuma ana zagaya ƙasashe, har da Kenya. Ni da nake kan babur kullum daga Badariya zuwa kasuwa, wallahi wasan nan ya san zafin faɗuwa, domin sai ka tashi da ƙafa ka ruga ka ɗauko babur ɗinka ana wuce ka.

Baban_Khalifa
Road Rash ba ya cikin waɗanda aka manta ai. Kowane shago akwai shi.

Dan_Kabukabu
A Birnin Kebbi wataƙila. Mu a Bunza sau ɗaya na gan shi, wani ɗan makaranta ya zo da shi hutu daga Sakkwato.

Malamin_Firamare_Zuru
Wannan ma wani abu ne da ya kamata a lura da shi. Abin da aka manta a wani gari shi ne abin yayi a wani. Kaset ɗin da ɗan kasuwa ya ɗauko daga Kano ko Legas ko Onitsha shi ne duniyarmu, ba mujalla, ba intanet.

Nawa zaɓin shi ne The Story of Thor, wanda a Amurka ake kira Beyond Oasis. Bari in ɗan tsawaita domin wasan nan ya yi mini tasiri. Jarumin sunansa Ali, ɗan sarki ne, ya tono wani awarwaron zinariya a kogo. Da shi yake kiran mataimaka huɗu, amma ba ko'ina ba. Ta ruwa sai ka haska awarwaron a kan ruwa, ko kogi ne ko ɗigon da ke zuba daga rufin kogo, ita ke warkar da kai. Na wuta, Efreet, sai inda wuta ke ci. Na inuwa sai a madubi ko wani abu mai sheƙi. Na huɗun sai a jikin tsiro. Saboda haka duk ɗakin da ka shiga sai ka tsaya ka duba me ke cikinsa kafin ka san yadda za ka fita. Faɗan kuma kamar na Bare Knuckle ne, da naushi da shuri da juyi da wuƙa, kuma ba mamaki, domin Yuzo Koshiro da ya yi kiɗan Bare Knuckle shi ya yi na wannan, kamfaninsu Ancient ne ya gina shi. Takobi da baka suna ƙarewa idan ka yi ta amfani da su, wuƙarka ta asali ce kawai ba ta ƙarewa. Ka ci nama ko kifi ka samu ƙarfi.

Abin da ya kashe shi a wurinmu biyu ne. Na farko Turanci, domin sai ka karanta abin da mutanen gari ke faɗa kafin ka san inda za ka. Ni da ƙamus a gefe na buga shi ina aji biyu na sakandare, kuma kalmomi da yawa a nan na fara haɗuwa da su. Na biyu ajiya. Kaset na asali yana da ɗan batir a ciki da ke riƙe inda ka tsaya. Na jabu da suka cika kasuwa da yawansu ba su da shi, ka yi awa uku NEPA ta ɗauke, ka dawo farko. Nawa irin wannan ne. Sai bayan shekaru na ƙarasa shi a kwamfuta.

Abu_Sumayya
Malam, ba na son in ɓata muku hira, amma wasan da yaro zai riƙa kiran ifiritu ya taimake shi, ni ba zan kawo wa 'ya'yana ba. Yaro ba ya rarrabe wasa da gaskiya kamar babba. Haka shi ma Mortal Kombat da ake cire kai da laka, ko a wancan lokacin iyayenmu da sun ga abin da muke kallo da ba su bari ba.

Malamin_Firamare_Zuru
Maganarka abin dubawa ce Malam Abu Sumayya, kuma kowane uba ya fi sanin gidansa. Ni abin da nake yi, ina zama tare da su, in ce wannan tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi, mai taimako Allah ne kaɗai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar shi, wasanni na da yawa.

Abu_Sumayya
To madalla. Ni dai na waken da Hajiya ta faɗa ya fi kwanta mini. Kuma a kula da lokacin salla da na Islamiyya, abin nan yana cin lokaci ba a sani ba.

Dan_Gesse
Gaskiya ne. A gidana Asabar da Lahadi ne kawai, bayan an dawo Islamiyya. Abin da na lura, wannan ya fi mini waya sauƙin tsarewa, domin a falo yake, ina ganin abin da suke yi, idan na zare adafta magana ta ƙare.

Auta_2003
Yayyena ni ban riski Sega ba, amma muna da wani a gida mai kaset ruwan ɗorawa da bindigar harbin agwagwa, an rubuta wasa 9999999 a ciki. Shi ne wannan? Akwai na tankar yaƙi da muke yi ni da yayana muna tsare gaggafa.

Injiniya_Yauri
A'a ƙanena, wancan kwaikwayon Famicom ne na Nintendo, wanda ya fito a 1983, mai bit 8. Sega Mega Drive mai bit 16 ce, kaset ɗinta baƙi. Na tankar da kake faɗa Battle City ne na Namco, kuma wasa ne mai kyau har yau. Lambar nan ta jikin kaset kuwa wasa kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna.

Kabawa_84
Auta ya tuna min Contra. Akwai Contra na Sega da ba kowa yas san shi ba, mai ɗan karen wahala. Na tuna mutum-mutumin ƙarhe aka bugawa da shi.

Na_Kamba
Ba ƙarfe ba ne, mutane ne. Akwai namiji, akwai mace, akwai mai kan kyarkeci, sai wani ɗan guntun robot. Na tabbata domin mai kan kyarkecin nake ɗauka.

Injiniya_Yauri
Ku duka kun yi daidai. Contra: Hard Corps ne na 1994. Na Amurka da na Japan su ne Na_Kamba ya buga. Na Turai sunansa Probotector, aka mayar da jaruman duka na ƙarfe, shi Kabawa ya gani. Ga wani bambanci mai amfani: a na Japan sai an harbe ka sau uku kafin ka mutu, kuma kana ci gaba ba iyaka. A na Amurka harbi ɗaya ka tafi. Duk mai son ya ga ƙarshensa ya nemi na Japan. Hanya kuma tana rabuwa, abin da ka zaɓa a tsakiya shi ke yanke matakan da za ka bi da irin ƙarshen da za ka gani.

Mai_Gyaran_Rediyo
Dan_Gesse, kafin ka ci gaba da tara suna, ka tsare na'urar tukuna, domin irinta ta asali ta yi wuya. Shawara daga mai sana'a:

Kar ka sa mata kowace adafta. Ta Mega Drive ta farko da ta biyu ba ɗaya ba ne, bakinsu daban, kuma yadda wuta ke shiga a juye yake. An sha kawo mini wadda aka ƙona da adaftar rediyo. Tunda taka ta asali na nan, riƙe ta, kuma ka bi da ita ta sitabilaiza, musamman idan janareto ne.

Hura kaset da baki da muka saba yi, daina. Danshin numfashi ne ke sa haƙoran su yi tsatsa. Sami auduga da ɗan sifirit ka goge, ka bari ya bushe. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba, a rufe ta da ƙyalle idan an gama.

Kuma kar ka yar da talabijin mai doron nan. A sabuwar talabijin hoton yakan baje, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin jarumi. A wasa irin Shinobi wannan ɗan jinkirin ya isa ya jefa ka rami.

Dan_Gesse
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi ranar ma sai da na hura. Tambaya: ɗaya daga cikin kaset ɗin gefensa a zagaye yake, rubutun Japan ne a jiki, kuma na ga an ɗan feƙe bakin na'urar. Na manta dalili.

Mai_Gyaran_Rediyo
Siffar kaset ɗin Japan ta bambanta da ta Turai, ba ya shiga sai an faɗaɗa bakin. Mu muke yi da zarto a lokacin. Tsofaffin wasanni suna tashi lafiya, amma wasu na baya an sa musu kulle, sai su nuna rubutu su ƙi. Sannan talabijin ɗinmu tsarin PAL ne irin na Turai, mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na Japan da Amurka sau 60. Shi ya sa wanda ya saba da Sonic a nan, idan ya gan shi a na Amurka sai ya ji har kiɗan ya fi sauri.

Bazamfare_Gusau
Ku ba maƙwabci wuri. Mu a Gusau akwai wani shago a Tudun Wada da ke da Desert Strike, kuma manya ne ke zama kansa, ba yara ba. Jirgi mai saukar ungulu kake tuƙawa, amma harbi ba shi ne wasan ba. Mai yana ƙarewa, harsashi yana ƙarewa, sai ka duba taswira ka san inda gangar mai take, ka sauke ƙugiya ka ɗauko. Ka kwaso mutanenka da suka maƙale ka kai su wurin sauka, a gyara maka jirgi. Wanda ya shiga da zafin kai minti biyar ba zai yi ba. Na 1992 ne, bayan yaƙin Tekun Fasha, kuma labarin a fili yake daga ɓangaren Amurka aka rubuta shi, wannan sai mutum ya sani. Jungle Strike da ya biyo baya a 1993 ya fi shi faɗi, har babur da jirgin ruwa ake ba ka. Yana ba da lambar sirri bayan kowane mataki, saboda haka matsalar batir da Malam na Zuru ya faɗa ba ta taso ba. Littafin lissafina na aji uku bayansa duk lambobin nan ne.

Tsohon_Mai_Shago_Jega
Bazamfare ka tuna mini, bangon shagona ma duk lambobin Road Rash ne da gawayi da biro.

Bari in ƙara ɗaya da na yi nadamar rashin sa wa yara: Comix Zone. Mai zane ne aka jefa shi cikin littafin zanensa, kana tsalle daga wannan akwatin hoto zuwa wancan, hannun mugun yana zana maka abokan gaba kana kallo. Kana da ɓera a aljihu, ka sake shi ya yage takarda ya tono abin da aka ɓoye. Wahalarsa ita ce ko ƙofa ka nausa ƙarfinka na raguwa, kuma rai ɗaya ne. Gajere ne, shafi shida, amma ban san wani wasa a Sega da ya kai shi kyan gani ba.

Injiniya_Yauri
Comix Zone da Ristar duk 1995 suka fito, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ko a Turai ba su samu haƙƙinsu ba. PlayStation ta riga ta fito a Japan tun Disambar 1994, hankalin kowa ya koma can. Mafi gwanintar aikin Sega ya zo ne lokacin da kasuwa ta fara watsewa. Ristar tauraro ne mai dogayen hannuwa, ba gudu yake yi kamar Sonic ba, cafko abu yake yi ya ja jikinsa ya yi karo da shi. Ga ƙananan yara ya fi Sonic sauƙin bi domin ido na iya riskar abin da ke faruwa.

Baban_Khalifa
To na ji, zan sassauta. Akwai ɗaya da ni ma nake ganin an zalunta, Rocket Knight Adventures na Konami. Wata dabba ce mai kama da gafiya sanye da sulke, da takobi, da roka a baya. Ka riƙe maɓalli ka saki ta harba ka kana karo da bango kana dawowa. Amma ina nan kan bakana, daɗin Sega taro ne. International Superstar Soccer Deluxe, ka ɗauki Najeriya, a shekarar da muka ci zinariya a Atlanta, 1996, shago cike. Ba wasan zaman kaɗaici da zai ba ka wannan.

Yar_Argungu
Baban Khalifa, taron da kake faɗa rabin gari ne kawai ke cikinsa. Mu namu taron a tsakar gida yake, kuma shi ma taro ne.

Malamin_Firamare_Zuru
Idan taro ake so ai akwai waɗanda aka tsallake su ma. Micro Machines 2 tseren ƙananan motoci ne a kan teburin cin abinci da makamantansa. Kaset ɗinsa na asali yana da ramuka biyu a jikinsa da ake soka ƙarin hannu, mutum huɗu su yi lokaci ɗaya. Da mai shagon Jega ya samu wannan da ya ga kuɗi.

Tsohon_Mai_Shago_Jega
Ban taɓa ganin mai ramukan ba Malam, wanda ya zo hannuna na jabu ne, sumul. Da na samu da na gwada.

Auta_2003
To mu da ba mu da na'urar fa? Ina ake samu?

Injiniya_Yauri
Hanya uku. Ka bincika wurin masu tsofaffin kayan lantarki, amma ka gwada kafin ka biya domin kwaikwayo sun fi na asali yawa, kuma sautinsu ke tona su. Ko Mega Drive Mini da Sega da kanta ta fitar a 2019, mai wasa 42 a ciki, tana shiga sabuwar talabijin kai tsaye. Gunstar, Shinobi III, Comix Zone, Story of Thor, na waken, duk suna ciki. Ko kuma manhajar kwaikwayo a waya ko kwamfuta, irin RetroArch. Wasannin ƙanana ne ƙwarai, Sonic na farko rabin megabait ne. Sai dai ka nemi hannu na haɗawa, danna gilashin waya ba ya yi wa irin waɗannan.

Abu_Sumayya
Saukewa kyauta daga intanet ɗin nan fa, ba haƙƙin masu shi a ciki?

Injiniya_Yauri
Akwai Malam, shi ya sa na fara da biyun farko. Wanda Sega ke sayarwa har yanzu, saye ya fi tsafta ga mai hali.

Kabawa_84
Dan_Gesse ba ka hwaɗa muna sauran kaset huɗun da ba ka taɓa ba. Mi da mi na?

Dan_Gesse
Na duba yanzu. Akwai Ristar, ashe yana hannuna. Akwai Thunder Force IV, na jirgin sama. Akwai Landstalker, wanda na tuna na bari domin tsallensa a karkace yake ina ta faɗawa rami. Na Japan ɗin kuma ba zan iya karanta sunan ba, hoton jirgi ne da ke rikiɗa ya zama mutum-mutumi, da na sa sai allo ya rabu biyu, ga sansanoni, ban gane abin da ake so in yi ba.

Injiniya_Yauri
Idan allo na rabuwa biyu kuma akwai sansanoni, ina kyautata zaton Herzog Zwei ne na Technosoft, su ne ma suka yi Thunder Force ɗin da ke hannunka. Sojoji da tankoki kake saye, ka ba su umarni, ka ɗauke su da jirgin ka sauke inda kake so, su kama ƙananan sansanoni, kuɗinka ya ƙaru, har ka rushe babban sansanin abokin wasanka. Yana cikin kakannin wasannin dabarun yaƙi da ake yi yanzu a kwamfuta. Ɗauko hoton kaset ɗin gaba da baya ka turo in tabbatar. Idan shi ne, ranar Asabar ina Birnin Kebbi ɗaurin aure, zan biyo bayan azahar in nuna muku yadda ake ba da umarnin, kai da yaron.

Dan_Gesse
Ga shi nan zan turo idan wuta ta dawo, wayar ta kusa mutuwa. Sai ka zo Injiniya, ƙofa a buɗe take. Mai Gyaran Rediyo, maɓallin C na hannu ɗaya yana maƙalewa, sifirit ɗin zai yi masa ko sai an buɗe?

Mai_Gyaran_Rediyo
Sai an buɗe. Robar da ke ƙarƙashin maɓallin ce ta yi datti ko ta tsage. Kwance ƙusoshin baya a hankali, ka goge robar da allon, idan ta tsage kuma a ciro ta wani mataccen hannu a sa.